Motar da Ke Kashe Ido

A zamanin Turawa, shekarun nan da gyaɗa ke sarauta a ƙasar Katsina, an yi wani direba a Kankiya ana ce mashi Labaran. Asalinshi mutumin Ƙofa ne, can wajen Kusada. Ya tafi soja yana ɗan ƙauyen da ko keke bai taɓa hawa ba, ya dawo daga yaƙi da tabo a ƙwauri da lasin tuƙi a aljihu. To, a lokacin direbobin Kankiya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. In Labaran ya ratsa kasuwa, mahauci kan tsaida wuƙa ya gaishe shi, mai goro ya zaɓo mashi fari. Lasin nan kuwa baduku ya sa ya ɗinka mashi 'yar jaka, yana rataye da shi a wuya kamar laya. Ba gona gare shi ba, ba sana'ar gado ba. Takardar nan ita ce gonarshi, ita ce kuma girmanshi.

Aiki yake yi ma wani Bature, wakilin wani kamfanin sayen gyaɗa. Sunan Baturen na gaskiya ya gagari bakin mutane, sai aka laƙaba mashi Ƙyal-ƙyal, don duk abin da ya mallaka sai ya yi sheƙi: takalmi, maɓalli, kan sanda, har tsakiyar kanshi inda gashi ya yi ƙaura. Amma abin da ya fi so duk duniya motarshi. Baƙa ce wuluk, a bayanta an ɗaura tayar safaya, an kife ta da wani murfi na farin ƙarfe mai faɗin faifai uku. Kullum safiya sai an goge murfin nan har mutum ya iya ƙirga haƙoranshi a ciki.

In za a fita rangadi, Bature ke tuƙa tashi da kanshi, tafintanshi Malam Dawuda na zaune gefe. Labaran na biye da kitika, wato 'yar ƙaramar motar kaya, ɗauke da sikeli da buhuna da gadon tafiya da tukwanen kuku. Doka biyu aka kafa mashi. Kada ya kuskura ya wuce gaba, kada kuma ya ja baya har ya ɓace daga madubin Bature.

Shi kuwa Ƙyal-ƙyal ba ya son rana a fuska. Kusada na gabas, saboda haka ba ya tashi daga Kankiya sai la'asar ta yi, rana ta koma bayanshi. Dawowa kuma da hantsi, rana na baya. Dabara mai kyau, ga wanda ke gaba. Wanda ke baya fa? Rana sai ta faɗa kan murfin nan, ta juyo kamar an harbo ta da baka, ta keta gilas, ta soki Labaran a tsakiyar ido. Da rani ƙurar hanya kan ɗan rufa mashi asiri, ta dusashe murfin kafin a yi nisa. Amma wannan ƙarshen damina ne, ƙasa a danne, sama wankakkiya, ga Bature ya tsiri zagayen rumfunan awo sau uku a mako kafin kaka ta kama. Tun daga bakin gari har inda za a tsaya, wuta ce tsaye a gabanshi, in mota ta faɗa rami ta yi tsalle, in ta fito ta dawo daidai inda ta bari.

Ko bayan an kashe mota abin ba ya sakin shi. In ya rufe ido ya ga kore, in ya buɗe ya ga wani baƙin faifai zaune a fuskar duk wanda ya kalla.

"Malam, kuka kake ko hayaƙin murhuna ne?" in ji matarshi Rahamatu, ran da ya dawo yana sharar ido da hannun riga.

"Ke dai kawo ruwa mai sanyi."

"Soja guda, an gagara kashe ka a bakin daga, ga marfin tukunya na neman gamawa da kai."

Ta jiƙa tsumma ta ɗora mashi, ta ɗauko tandu ta zizara mashi kwalli kamar mai shirin zuwa biki. Ya kwanta a inuwar zaure har faifan nan ya narke, fuskarta ta dawo. Kullum yana narkewa, wannan kam a riƙe shi. Idon Labaran lafiyarshi lau, in aka ba shi ɗan lokaci yana hango shaho a inda wani bai ga komai ba.

Ba irin dabarar da bai gwada ba. Ya jawo hula har gira, sai ya daina ganin hanya. Ya manna ƙyalle a gilas, Bature ya sa aka ɓare, wai ƙazanta. Ya ɗan ja baya wata rana, Bature ya tsaya tsakiyar hanya ya danna ham har awakin ƙauye biyu suka watse. Daga baya ya samo baƙin tabarau wajen wani direban Kano. Bai ko kai ga hawa mota da shi ba Malam Dawuda ya hango shi.

"Iye! Yau Turawa biyu gare mu? Wanne za mu fara gaisarwa?" Ya matso ya rage murya. "Cire abin ga, Labaran, tun bai fito ba. Bara ba ya ɓoye ma ubangidanshi ido."

Ya cire.

Ran wata kasuwar Kusada suka tashi da la'asar kamar kullum. Wajen Mawashi, wutar nan na tsaye a gilas, sai Labaran ya ji fau! a gefen mota, ruwa ya fantsamo mashi ta taga. Ya taka birki ya leƙa. Wata mata ce zaune a bakin hanya, gammo a ƙasa, tulunta ya zama sakaina. Gefen kitika ne ya ɗauke tulun daga kanta. Da ta ƙara taku ɗaya, da kan ne. Bai gan ta ba sam, ko inuwarta. Ham ɗin Bature na ta kuka a gaba, ya ba ta haƙuri da hannu biyu ya ja mota har Kusada.

Suna tsayawa gindin tsamiyar bakin kasuwa ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, kuka na kawo. Motar ga taka tana kashe mani ido."

To, ko yaron goye ya san abin da ake nufi da kashe ido. Walƙiya na kashe ido, madubi na kashewa, sabon kwano a rana na kashewa, ka ɗan runtsa ya wuce. Amma Ƙyal-ƙyal yana da wani ɗan jan littafi da yake koyon Hausa a ciki, yana kuma ji da Hausar nan kamar yadda yake ji da motarshi. Kashe, ya sani. Ido, ya sani. Ya haɗa su, ya zare tabarau.

"Kashe? Ido naka ya mutu?" Ya juya wajen tafinta. "Dawuda, ido nashi mutu?"

Kalma guda ta isa ta warware zancen, Malam Dawuda kuwa yana da ita a bakinshi. Sai dai wa ke ce ma Ƙyal-ƙyal bai ji daidai ba? Kukun da ya taɓa gyara mashi magana, ran da Baturen ya ce a kawo mashi gishiri ya faɗi wata kalmar da ba ta faɗuwa, ko kwana bai ƙara a gidan ba. Ban da wannan kuma, Malam Dawuda na da ƙanen mata, Amiru, wanda ya koyo tuƙi a Funtuwa ya dawo yana zaune, ga sabuwar amarya, ga matar Malam na yi mashi mita safe da yamma. Malam Dawuda ya duƙar da kai.

"Ranka shi daɗe, Hausarka ta fi tawa. Abin da ka ji, shi ya faɗa."

"Malam, ba haka ba ne!" in ji Labaran. "Gaya mashi hasken murfin ne, in na huta..."

Malam Dawuda ya juya wani abu cikin Turanci, gajere ƙwarai. Turancin Labaran na bariki ne, hagu, dama, tsaya, bai kama ko ɗaya ba. Ya dai ga wuyan Bature ya yi ja.

Bature ya ce a gwada shi yanzu-yanzu. Ya sa aka tsaida Labaran, shi kuma ya ƙirga taku ashirin ya je ya jingina da bayan motarshi, dab da murfin. Ba da mugunta ya zaɓi wurin ba, can ya saba jingina. Rana ta yi ƙasa, ta cika murfin taf. Kafin ka ce kwabo kasuwa ta watso, masu daddawa da masu igiya da dillalan awaki, an yi da'ira.

Bature ya ɗaga hannu. "Nawa?"

Labaran ya buɗe ido iya ƙarfinshi. Hawaye suka zubo, kwallin Rahamatu ya biyo su har gemu. Ba abin da yake gani sai wuta, da wani dogon duhu a gefenta.

"Ranka shi daɗe, a ɗan gusa daga jikin motar."

"Ya ce ka matso kusa, ba ya hangen ka," in ji Malam Dawuda, da Hausa a hankali yadda Bature zai gane, kasuwa ma ta ji.

"Nawa!"

"Uku."

Biyu ne. Aka yi shewa. Bature ya sake ɗagawa, Labaran ya ce ɗaya, ashe huɗu ne. Yanzu kowa ya shiga wasan. Wannan ya ce bakwai, wancan ya ce goma sha biyu, wata mai ƙosai ta ce a tambaye shi ko dare ne ko rana. Mutanen da jiya ke zaɓo mashi goro, su ne a sahun gaba. Ba ƙin shi suke ba, kun san halin taro, in dogo ya faɗi kowa na son ya ga tsawonshi a ƙasa.

Sai Bature ya yi murmushi, ya zura hannuwanshi biyu cikin aljihun wando. Ya ɗaga murya.

"Nawa?"

Wuri ya yi tsit. Labaran na tsaye, gumi na bin bayanshi. Sai ya ji wata murya a bayan kunnenshi, a hankali, kamar ta mai tausayi: "Biyar ne, bawan Allah. Ce biyar."

"Biyar, ranka shi daɗe."

Dariyar da aka yi ranar, har jakunan da ke ɗaure suka amsa. Wani tsoho ya faɗi zaune yana riƙe da ciki. Bature ya tako, ya miƙa hannu, Labaran ya ciro jakar daga wuya. Bature ya zaro lasin, ya ɗora a kan motar, ya ja layi biyu na rubutu da jan alƙalami, ya buga sunanshi a ƙasa, ya maida mashi. Makulli kuma ya karɓe.

Washegari Labaran ya komo Kankiya a ƙasa. Tafiyar yini ce, kuma ba abin da ya ɓace mashi a hanya. Ya ga zangarniyar gero ɗaya-ɗaya, ya ga layin tururuwa, ya hango balbelu a kan wata kuka ya ƙirga su, goma sha tara. Wajen ƙauyen Boko motocin biyu suka wuce shi, wani ɗan kamasho na lallaɓa kitika a baya. Ba wanda ya tsaya.

Shi bai iya karatun boko ba, sai ya ɗauka jan rubutun nan sallama ce kawai. Ya wanke riga ya nufi tasha wajen Alhaji Kabo mai manyan motoci biyu, wanda ya daɗe yana zawarcinshi. Alhaji ya miƙa ma malamin tasha takardar. Malam ya karanta a zuci, ya kalli Labaran, sannan ya karanta a fili: mai wannan takarda makaho ne, kada a ba shi mota.

Labaran ya karɓi takardarshi. Ya je wajen tela na bakin tasha ya aro allura mafi ƙanƙanta, ya dawo gaban Alhaji ya zura zare sau ɗaya, ya zare, ya sake zurawa.

"Na gani, Labaran," in ji Alhaji Kabo. "Wallahi na gani. Amma in ɗan sanda ya tsaida motata a hanyar Kano, takarda zai duba, ba allura ba. Wa zai kankare hannun Bature? Sai shi."

Ya kwana bakwai yana zarya gidan Malam Dawuda kafin ya same shi a zaure yana yanke farce.

"Malam, kalma guda. Ka ce mashi kashe ido ba mutuwar ido ba ce."

"In ce mashi ya yi kuskure gaban kasuwa guda? Kai ka rasa tuwo, so kake ni ma in rasa, mu taru mu yi ta kallon juna?" Ya busa farcen. "Amma Bature mai tausayi ne. Mai wanke mashi mota ya tafi girbi. Ya ce a ba makahon, goge-goge ba ya son ido."

Rumbu babu, yara uku. Labaran ya karɓi tsumma. Amiru kuma ya karɓi makulli.

Kwanakin farko yana yi ne kamar wanda aka ɗaura ma dutse. Sai wata safiya, yana durƙushe gaban murfin, ya ga fuskarshi a ciki, ta kumbura ta yi faɗi kamar ta kwaɗo, wani tunani ya sauko mashi. In Amiru ya kasa fa? In ya faɗa rami, ko ya je da bakinshi ya ce ba ya iyawa? Ai dole a gane ba idon Labaran ne da laifi ba. Dole a nemo jan alƙalamin nan.

Daga ranar murfin ya ga gata. A soja an koya mashi yadda ake sa maɓalli ya yi magana. Ya tankaɗe toka da ƙyallen mayafi har ta yi laushin kwalli, ya matse lemun tsami a kai, ya murza, ya wanke, ya bi da busasshen ƙyalle, ya huce da bakinshi ya sake bi. Ya wuce murfi ya kama ƙarfen gindin mota, da gilashin baya, da 'yan kusoshin lamba. Ƙyal-ƙyal ya fito ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce tunda ya zo ƙasar nan bai ga aiki irin wannan ba.

In za a yi rangadi Labaran na hawa bayan kitika, kan buhuna, don a goge mota a can ma. Yakan juya baya, ya rufa rawani a ka, yana jin yadda motar ke tangaɗi a hannun Amiru.

Mako biyu Amiru ya rame. Idanunshi suka yi jajir kamar gauta. Wata safiya a Kusada, ana shirin komowa, ya zagayo ya tsuguna kusa da Labaran. Ba mugun mutum ba ne, aiki aka ba shi ya karɓa.

"Yaya Labaran, don girman Allah ka rage gugar ga. Ko yau kaɗai. Ko ɗan laka ka shafa. Wallahi ba ni ganin hanya."

"To ka gaya ma Bature mana."

"In ce mashi me?"

"Ka ce tana kashe maka ido."

Amiru ya rage murya. "Kai ka san abin. Kai kaɗai ka sani. Dubi yadda take walƙiya."

Labaran ya huce murfin, ya bi da ƙyalle a hankali. "Ni makaho, ina na san abin da ke walƙiya?"

Ko a gida Rahamatu ta lura da yawan lemun da yake saye. Ta taɓa ce mashi, tana tankaɗe, ba tare da ta ɗago ba: "Malam, hanyar nan fa ba ta Amiru ba ce shi kaɗai." Ya ce ta ji da tuwonta.

Suka taso da hantsi. Sama ba ko ɗigon girgije. Labaran na kan buhuna, fuskarshi na kallon inda aka baro. Sun ɗan wuce Boko sai ya ji motar ta daki wani abu, ba da ƙarfi ba, ta ɗaga ta sauka, gaba sannan baya. Da yake baya yake kallo, shi ya fara gani. Wani tsoho ya fito daga ƙarƙashin motar, kwance a tsakiyar hanya, malfarshi na gangarawa, sandarshi ta karye biyu. Igiya na naɗe a hannunshi har yanzu, ɗan maraƙin da yake ja na tsaye gefe yana fizga.

Bubayero sunanshi, wani Bafillace mai nauyin kunne. Ya bari motar Bature ta wuce, ya ɗauka ita ke nan, ya sako ƙafa. Kafin a kawo ruwa ya cika.

Bature ya dawo da baya, ya fito yana tambaya. Amiru na durƙushe a bakin hanya. Ya kalli murfin, ya kalli Malam Dawuda, ya kalli Labaran, ya buɗe baki.

"Birki ne, ranka shi daɗe. Birki ya ƙi."

Bature ya hau kitika da kanshi, ya ja, ya taka. Ta tsaya cak. Aka sa ma Amiru igiya a ƙugu. Har gaban alƙali bai ambaci ido ba, ya ga abin da kalmar ta yi ma wani, yana kuma fatan in ya fito takardarshi na nan da tsabta. Shekara uku aka ba shi.

Labaran ya bari kwana biyu suka wuce. Ran na uku ya sa wankakkiyar riga, ya rataya jakar lasin a waje inda za a gan ta, ya durƙusa a farfajiya. Wannan karon bai bi ta tafinta ba, ya tauna kalmominshi ɗaya-ɗaya.

"Ranka shi daɗe. Ido lafiya. Mota, ni. A gwada ni cikin inuwa."

Ƙyal-ƙyal ya dube shi da fara'a, har ya dafa mashi kafaɗa, abin da bai taɓa yi ba.

"A'a, a'a, Makaho. Ɗaya mutum mutu, ya isa. Kai goge. Aiki naka kyau ƙwarai."

Ya shige ciki yana busa fito da baki.

Rahamatu ba ta tambaye shi yadda aka yi ba. Ta ajiye mashi tuwo, ta koma bakin murhu. Can ta ce an ce tsohon nan maraƙin zai kai ma ɗiyarshi da ta haihu. Labaran ya ce shi bai tambaye ta ba. Daga ranar ba ta ƙara jiƙa mashi tsumma ba, shi ma bai nema ba.

Aka aiko da sabon direba daga Kano, Shehu, wani mai faɗin fuska da yawan gaisuwa, ya zo da mata da yara biyar a bayan motar gyaɗa. Safiyar fitarshi ta farko ya tarar da Labaran durƙushe a bayan baƙar mota, ga kaskon toka, ga lemu a yanke. Ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Rana ta ɗan leƙo ta kan katanga, ta taɓa murfin. Shehu ya kare fuska da tafin hannu yana dariya.

"Kai! Baba, kullum haka take sheƙi?"

"Kullum," in ji Labaran.

Ya ɗauki wani ɓarin lemun ya matse.